Shingen ƙarfe na tafi-da-gidanka don sarrafa shanu: sharhi bayan damina biyu

Abin da nake sharhi a kai shi ne shingen fayif mai fallaye, wanda ake harhaɗawa a kafa, a gama aiki a warware. Namu wani mai walda ne ya yi shi a Sabon Gari, falle 18 da ƙofofi 2, kuma ya yi damina biyu da rani biyu yana aiki a kan Bunaji, da Bokolo kaɗan, da 'yan barbarar Friesian, wato shanun madara na Turai. Ra'ayina a kansa shi ne ya biya kuɗinsa, amma sai da aka gyara abubuwa uku da zanen farko bai yi la'akari da su ba: ƙaho, mahaɗa, da ƙasar Zariya idan ta jiƙe.

Kowane falle tsawonsa mita 2.4, tsayinsa mita 1.6, da fayif shida a kwance da uku a tsaye. Fayif ɗin mai inci 2 ne, kaurin ƙarfensa milimita 2, nauyin falle ɗaya kusan kilo 45, wato aikin mutum biyu. Mai walda zai so ya yi maka mai mita 3, domin fayif yana zuwa kimanin mita 6, ya raba biyu babu asara. Kada ka yarda in dai ɗauka za a riƙa yi kullum. Mai mita 3 ya fi nauyi, kuma tsakiyarsa ce take fara lanƙwashewa idan bijimi ya jingina. Guntayen da suka rage daga yankan 2.4 ba su ɓaci ba, da su ake yin tokara. Kaurin ƙarfe kuwa ka auna da idonka kafin a shafa fenti. Akwai fayif marar kauri da ake yin kujeru da shi, a ido iri ɗaya ne, amma shuri ɗaya yake lotsa shi.

Falle 12 idan aka jera su murabba'i, uku a kowane gefe, suna ba da fili kimanin murabba'in mita 52. In aka zagaya da su da'ira sai ya haura 64. Da'irar ta fi ta kowace fuska. Ta fi faɗi, ta fi tsayuwa da ƙafarta domin kowane falle yana tokare ɗan'uwansa, kuma ba ta da kusurwar da shanu za su cusa kai su juya maka baya. A lissafa murabba'in mita 2 ga kowace babbar dabba, wannan na tsayuwar awa ɗaya ko biyu ne kafin allura, ba na kwana ba. Sauran falle 6 su ne kwararo, uku dama uku hagu, wanda yake ɗaukar manya uku zuwa huɗu a jere.

Kwararon nan shi ne inda aikin yake. Zanen da ake kwaikwayowa daga Turai na shanu ne marasa ƙaho, faɗin santimita 70 ko ƙasa da haka. Bunaji mai buɗaɗɗen ƙaho tana iya wucewa a haka, domin ta iya karkata kai, amma tana tafe tana bugun fayif, ƙarar kuma tana tsayar da na baya. Mun tsaya a santimita 75 zuwa 80 ga manya. In ya wuce haka karsana za ta yi ƙoƙarin juyawa, ta maƙale a gicciye, kuma fitar da ita ya fi shigar da goma wuya. Ga maruƙa sai a matse shi, kuma a nan ne shingen da ake ɗagawa ya fi ginannen kwararo na siminti, wanda yadda aka gina shi haka zai mutu. Mai Rahaji, jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, ya san nasa lissafin daban ne. Ƙahon Rahaji ba ya shiga wannan ma'auni.

Tazarar da ke tsakanin fayif da fayif ita ma ƙaho ne yake yanke hukuncinta. Zanen farko fayif biyar ne, sai ga shi saniya tana karkata kai ta zura ƙaho ɗaya, sannan na biyu, ta shigar da kai tana neman ciyawar waje. Shiga da sauƙi, fita kuwa sai ta ja fallen gaba ɗaya. Da aka ƙara na shida tazarar ta sauko kusan santimita 22, matsalar ta ragu sosai. Abin da ya kawar da ita baki ɗaya a kwararo shi ne rufe gefen. Kwanon rufi bai dace ba, yana da kaifi yana da ƙara. Zana ko tsohuwar tabarma da aka ɗaure tamau ta wadatar, muddin ba ta kaɗawa da iska, domin a lokacin hunturu abin da yake filfilawa ya fi mutum goma tsorata shanu.

Dalilin rufewar yana cikin idon saniya. Tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ban da bayan wutsiyarta, amma ba ta iya auna zurfi sosai. Inuwar fayif da ta kwanta a ƙasa da hantsi ko da la'asar sai ta ɗauka rami ne, ta toge. Haka take yi da kwatami, da riga da aka rataye a shinge, da kwanon sha mai ƙyalli. Temple Grandin ta Amurka, masaniyar halayyar dabbobi, ta yi suna a kan wannan fanni, ita ce ta yaɗa kwararo mai lanƙwasa, amma duk Bafulatanin da ya tashi a ruga ya san rabin zancen: ka tsaya bayan kafaɗar saniya ta yi gaba, ka tsaya gabanta ta ja baya. Yaran da suke tsayawa a bakin kwararo suna ihu da sanda su ne suke hana tafiya. A kafa kwararon yadda bakinsa ba zai fuskanci rana kai tsaye ba, kuma ya nufi inda garken ya saba komawa. A tura biyar ko shida a lokaci ɗaya, kada a cika wurin jira fiye da rabi.

Mahaɗa ce raunin wannan kaya. Fallayen suna haɗuwa da kunnuwa biyu-biyu, a zura rodi mai milimita 16 daga sama. A ƙasa mai daidai babu laifi. Amma tsakar garke ba ta daidai, kuma in wani falle ya ɗara wani da ɗan yatsa uku rodin ba ya shiga, sai ka ga ana ɗaurewa da igiya ko waya. Gyaran da ya yi aiki shi ne a tsawaita kunnen gefe ɗaya domin ya ba da wasa sama da ƙasa, a kuma liƙa wa kowane rodi 'yar sarƙa a jikin fallensa, in ba haka ba cikin wata ɗaya rabi sun ɓace a cikin taki. Sai giɓin da ke tsakanin falle biyu daga sama. In kusurwoyin masu zagaye ne suna barin wani gwafa, saniyar da ta ɗaga ƙafa ta yi tsalle kofatonta yana faɗawa ciki, kuma karaya a nan take faruwa. Kusurwa ta zama a tsaye, giɓin kada ya wuce yatsu biyu.

Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya kankama, jar ƙasar nan da fitsari da kashin shanu suna zama caɓi, ƙafafun shingen suna nutsewa ba daidai ba. Faranti na ƙarfe mai faɗin tafin hannu a ƙarƙashin kowace ƙafa ya rage wannan. Da rani kuma ƙasar ta yi tauri, fallen yana zamewa a kanta idan an tura. Don haka dogon layi miƙaƙƙe ba ya tsayuwa shi kaɗai ko yaushe ne. A kowane falle biyu a kafa turken ƙarfe a waje, a nutsa shi rabin mita, a ɗaure. Kwararo kuma a haɗa samansa da gicciyayyen fayif sama da tsayin tozo da ƙaho, don kada ya buɗe idan sun matsu.

Tsatsa daga ƙasa take farawa, inda fitsari yake, kuma daga wurin walda. Ko fayif ɗin mai rufin zinki ne, wuta ta ƙone rufin a duk inda aka liƙa, sai an goge an shafa jan fenti na hana tsatsa. Bakin fayif na sama a toshe shi, in ba haka ba ruwa ya taru ciki ya ci ƙarfen daga ciki, zanzaro da rina kuma su yi gida.

Inda ya fi amfani shi ne ranar rigakafin ciwon huhu, da feshin kaska, da ba da maganin tsutsa da na hanta, da ware mara lafiya, musamman idan boru, wato ciwon baki da kofato, ya shigo unguwa. Aikin da a da sai an kama kowace dabba da igiya an kayar, yanzu mutum uku suna yinsa a tsaye. Haka wajen loda shanun turka a mota gab da Babbar Sallah. Sai dai ba ya maye gurbin maƙalin wuya. Fiɗiya, ko yankan kofato, ko duba ciki suna buƙatar abin da zai riƙe kai, irin wanda ake gani a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. In za a ba wani aro, a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya tafi da bayan ya dawo, don yawu da taki suna ɗaukar boru daga garke zuwa garke.

Wasu suna tambaya ko igiyar lantarki mai aiki da batir da hasken rana ba ta fi sauƙi ba. Ta fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, kuma tana da kyau wajen raba makiyaya ko tsare gonar harawa. Amma tsoro ne take aiki da shi, ba ƙarfi ba, saniyar da aka matsa za ta bi ta kai. Da rani kuma busasshiyar ƙasa tana rage kaifin wutar sai an riƙa zuba ruwa a gindin sandar da aka kafa a ƙasa. A wurin allura ba ta da gurbi ko kaɗan.

Sai ajiya. Ƙarfe ne mai nauyi, kuma 'yan gwangwan sun san darajarsa. A jingine fallayen a tsaye a kan katako ko bulo, ba a kan ƙasa ba, a zura sarƙa ɗaya ta cikinsu duka a sa kwaɗo, rodunan kuma a ƙirga su kafin a tashi.