Trastuzumab: Bitar Maganin Sankarar Mama Daga Gombe

Cikin magungunan sankarar mama da likitoci ke rubuta wa mata a Gombe, trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, ya cancanci kuɗinsa a ganina, amma da sharaɗi. Sinadarin garkuwa ne da ake haɗawa a ɗakin bincike domin ya manne wa furotin HER2 da ke saman ƙwayoyin cutar, ya hana su hayayyafa, ya kuma nuna wa garkuwar jiki inda za ta kai hari. Amurka ta amince da shi a 1998. Sharaɗin kuwa shi ne, kusan mace ɗaya cikin biyar masu cutar ce ke da HER2 da yawa, su ne kuma maganin ke yi wa aiki, saboda haka duk wanda ya saya kafin a gwada tsokar da aka ciro daga ƙullutun, yana iya yin asarar dukiyarsa.

Na yi jinyar gwaggona da shi. Farin gari ne a 'yar kwalba, ana ajiye shi a firij, a narkar da shi a sa a ƙarin ruwa duk bayan mako uku har shekara guda. Na farkon ya ɗauki minti 90, ya zo mata da rawar sanyi da zazzaɓi, na baya kuwa minti 30 ne kuma ba su wahalar da ita ba. Hoton zuciya da ake maimaitawa wajibi ne, domin maganin kan raunana bugun zuciya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaya daga cikin dalilan da ake ganin suna sa ya daina aiki a jikin wasu. Ƙwayoyin sankarar suna zubar da wasu mitsi-mitsin jakunkuna cikin jini, masana na kiransu eksosom, waɗanda su ma suke ɗauke da HER2, sai wani kaso na maganin ya manne musu tun kafin ya isa ƙullutun, tamkar tsuntsayen da aka watsa wa tsaba a bakin gona. Bincike ya kuma nuna cewa maganin kansa yana sauya furotin da ke cikin jakunkunan, shi ya sa ake fatan wata rana gwajin jini zai nuna ko yana ci. Wannan dai har yanzu yana ɗakin bincike.

Babban aibinsa tsada ce. Akwai makamantansa masu rahusa da wasu kamfanoni ke yi, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na cikin cibiyoyin asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, don haka ya kamata dangi su nemi bayanin rajista tun ranar da sakamakon gwaji ya fito.