Na sauya GTX 1080 Ti da RTX 4060, ga abin da na gani

Aikina zanen gine-gine ne a Blender, manhajar zane mai fuska uku (3D), wasa kuwa sai in na samu sarari da daddare. Shekaru na yi da GTX 1080 Ti, katin hoton kwamfuta (sashen da ke sarrafa hotuna) da ya fito a 2017, kuma ban taɓa jin ya ba ni kunya ba. Abin da ya sa na fara tunanin rabuwa da shi zafi ne da ƙara. Katin yana jan wat 250, in aiki ya yi nauyi fankokinsa sai su cika ɗaki da gurnani, akwatin kwamfutar ya ɗau zafi har ka ji a ƙafarka. Wanda na saya RTX 4060 a hannunsa ya ce min: "Alhaji, wannan ya fi naka ta kowace fuska, shekara shida ce tsakaninsu." Da wannan maganar na biya.

Makon farko wallahi daɗi na ji sosai. Sabon katin wat 115 kawai yake ja, ko rabin na tsohon bai kai ba, wayar wuta ɗaya mai fil 8 ta ishe shi, kuma shiru kake ji ko ana tsakiyar aiki. A Blender ne bambancin ya fi fitowa. RTX 4060 yana da sassa na musamman masu lissafin tafiyar haske, yadda yake sauka a bango ya dawo, yadda yake ratsa gilashi, abin da tsohon katin ba shi da shi sam, tunda sai a 2018 aka fara saka su a jerin RTX 20. Da na kunna OptiX, tsarin da ke ba Blender damar amfani da waɗannan sassan, hoton falon da a da nake barin kwamfuta da shi in tafi wata hidima, yanzu ina zaune yake kammaluwa. Har abokan aiki na kira na ce su daina jinkiri, su sauya.

Murnar ta tsaya ranar da aka kawo min aikin wani rukunin gidaje, da bishiyoyi da motoci da ciyawa, kowane bango da irin fentinsa da duwatsunsa masu nauyi. Irin wannan aikin na sha yi da tsohon katin, a hankali dai, amma yana kaiwa ƙarshe. Na danna a fitar da hoto, aka ɗan fara, sai Blender ya tsaya ya ce memorin katin, wato ma'ajiyar da yake riƙe bayanan aikin da yake yi, ya cika. Na sake, haka. Na rufe duk wata manhaja da ke buɗe, haka dai. Mai aikin kuma yana jira washegari da safe. A daren na zauna ina rage ingancin fentin bango ɗaya bayan ɗaya, ina cire bishiyoyin baya, ina raba filin gida biyu don in fitar da kowane daban in haɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin aikin da na miƙa bai kai yadda na tsara shi ba, kuma ni na san haka ko da mai shi bai lura ba.

Dalilin a bayyane yake a jikin kwali. GTX 1080 Ti gigabait 11 ne memorinsa, RTX 4060 kuwa gigabait 8. Wanda ya ce min "ta kowace fuska" bai ambaci wannan ba, alhali na gaya masa irin aikin da nake yi dalla-dalla. Wannan ne ya fi min ciwo. Da ya ce min sabon ya fi sauri amma ma'ajiyarsa ta fi ƙanƙanta, da na san yadda zan yi lissafina. Ba nan kaɗai tsohon ya yi gaba ba. Hanyar da bayanai ke bi tsakanin memori da ƙwaƙwalwar katin faɗinta bit 352 ne a tsohon, tana ɗaukar gigabait 484 a daƙiƙa, a sabon kuwa bit 128 ne, gigabait 272. An cike giɓin da wata ma'ajiyar kusa mai megabait 24 a cikin ƙwaƙwalwar kanta, kuma gaskiya tana taimakawa in aikin bai yi girma ba. Amma kayan da suka fi ƙarfin ɗaki, duk saurin mai jido ba zai sa su shiga ba.

Akwai kuma wani abu da masu tsohuwar kwamfuta irina ya kamata su sani. RTX 4060 layi 8 na PCIe 4.0, wato hanyar da ke haɗa kati da sauran kwamfuta, yake amfani da su, tsohon kuwa layi 16 ne. Madabod ɗina, babban allon da ake soka katin a jikinsa, PCIe 3.0 ce, mai rabin saurin 4.0, don haka katin yana samun rabin hanyar da aka tsara masa. A yawancin lokaci ba ka ji. Sai memori ya cika, katin ya fara aron na kwamfuta, a nan wasa yake fara tsinkewa.

A wasanni, in ka kashe duk sabbin dabaru ka gwada ƙarfi da ƙarfi a girman hoto na 1080p, sabon yana gaba amma ba da nisan da shekara shida za ta sa ka zata ba. DLSS, dabarar ƙara wa wasa sauri da ƙirƙirarriyar basira, ne ke ɗaga shi, musamman ƙirƙiro ƙarin firam (hotunan da ke jeruwa su ba da motsi) a tsakanin na asali, kuma wasan Cyberpunk 2077 ya yi kyau da shi matuƙa. Ita ma dabarar tana cin memori, to ka ga an dawo kan gigabait 8 ɗin nan.

Duk da haushin da nake ji, ba zan ce a koma wa tsohon ba. Wasan Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya tashi a katin da ba shi da sassan lissafin haske, kuma tun Oktoban 2025 jerin GTX 10, wanda tsohon katina yake ciki, suka daina samun direbobin (manhajojin da ke tafiyar da kati) sabbin wasanni, sai gyaran tsaro. Mai ɗaukar bidiyo ma zai ji daɗin AV1, tsarin matse bidiyo da sabon yake iya fitarwa. In wasa a 1080p ne buƙatarka, ko kana fitowa daga GTX 1060, RTX 4060 zai faranta maka. In kuwa aikinka manyan zane ne kamar nawa, ka dubi adadin memori kafin ka dubi shekara. RTX 3060 na 2021 yana da gigabait 12, akwai kuma RTX 4060 Ti mai gigabait 16. Ni yanzu RTX 4060 Ti ɗin nake nema, kuma wancan mai sayarwar ba zai sake ganin kuɗina ba.