Shafin Stanford kan falsafa: ya yi wa lamba adalci, amma adalci kansa fa?

Mai son sanin ko lamba 7 tana wani wuri a duniyar nan, ko kuwa tunani ne kawai, zai amfana da Stanford Encyclopedia of Philosophy, kundin ilimin falsafa na Jami'ar Stanford. Kyauta ne a intanet, Edward Zalta ya kafa shi a 1995, masana ke rubuta kowace maƙala, wasu kuma su tantance ta.

A fara da maƙalar Abstract Objects, wato abubuwan da ba na zahiri ba. Tana bayyana ma'aunin da aka saba amfani da shi: abin da ba shi da wuri, ba ya kuma haddasa komai, ba na zahiri ba ne. Daga nan a wuce zuwa ƙalubalen masanin falsafa Paul Benacerraf na 1973: in lambobi ba sa taɓa ido ko kunne, ta wace hanya muka san su? Masana falsafa Quine da Putnam sun ce kimiyyar fiziks ba ta tafiya sai da lambobi, don haka dole mu yarda suna nan. Hartry Field ya musa a 1980, ya gwada rubuta ka'idar Newton kan ƙarfin da ke jan abubuwa ƙasa ba tare da lamba ba. Wannan ɓangaren ya yi armashi.

Batun adalci ne ya ɗan yi rauni. Maƙalarsa ta fi karkata ga yadda ake rabon haƙƙi, sai an nemi maƙalar Moral Realism kafin a samu muhawarar ko adalci kansa yana nan da gaske, kamar yadda ake tambaya kan lamba.

Turanci ne zalla, mai nauyi kuwa. Mai ambaton shafin a bincike ya ɗauko adireshin ma'ajiyarsa, inda ake adana kwafin da ba ya canzawa duk wata uku, domin maƙalun suna canzawa.