Fanel bitan da ya gyara min fenda a Ƙofar Ruwa

Masu tambaya ina na kai Corolla ta bayan ɗan adaidaita sahu ya murje min fendar gaba ta gefen direba, wani ƙaramin gareji ne a wajen 'yan kayan mota na Ƙofar Ruwa nan Kano, rumfar kwano ce kawai ko allo babu. Mai wajen dattijo ne, kowa Baba yake ce masa.

Ni da niyyar siyan fenda 'yar Beljiyam na je, Baba ya shafa wajen da hannu yace Alhaji bar kuɗinka, ƙarfen bai yage ba lotsawa kawai yayi. Ya kwance fitila da bamba ya cire fendar gaba ɗaya, ya dinga bi da guduma ta ciki yana tara ƙarfe ta waje a hankali har layin nan da yake tafiya zuwa ƙofa ya dawo daidai. Anan ne ya burge ni wlh, don da yawa yanzu basa bugu, fila (abin da ake cike lotsawa da shi) kawai suke lafta maka su goge da samfefa su fesa fenti, rana ta dake shi mota ta faɗa ramuka sai kaga ya tsage yana ɓarewa. Shi Baba fila ɗan kaɗan ya shafa, da na ɗora maganaɗisu a wajen ya kama tsaf, inda fila tayi kauri ai baya kamawa.

Fentin ne dai sai a hankali. Lambar kalar tana nan a takardar jikin ƙofar direba amma yaron wajen da ido kawai ya haɗa fentin, kuma motar silba ce, silba kuwa bata yafiya, da rana in ka tsaya daga gefe zaka ga fendar ta ɗan fi ƙofa haske. Basu da oben (rufaffen ɗakin fesa fenti da busar da shi), a fili suke feshi ga ƙurar hunturu, sai da aka bi da folish kafin ƙurajen suka kwanta.

Alƙawari kuma na masu aikin hannu ne, jibi tana iya zama sati, kar ka biya duka tun farko. Kuɗin bai kai na fendar Beljiyam ba balle a haɗa da fentinta. In bugu ne ku kai masa, fenti kuma ku nemi mai oben, sannan ku kwashe caja da 'yan canjinku kafin ku bar mota.