Shagon bindigar dattijon nan na wajen Houston: ya fi tsada amma can nake kai kuɗina

Jama'a salamu alaikum. Akwai wani ɗan ƙaramin shagon kayan farauta da bindigogi a wajen garin Houston ta arewa, nan jihar Texas, wanda nake hulɗa da shi tun kafin korona, kuma kusan duk ɗan uwan da na kai wurin sai ya dawo yana ce min ai Malam wurin nan da tsada, a intanet an fi arha. Toh gaskiya ne, ba zan musa ba, ya fi tsada, amma ina so in faɗi abin da ƙarin kuɗin nan yake saya min, don ni dai ban ɗauke shi sadaka ba ko tausayin mai shago, ciniki ne na duba na ga riba ta a ciki.

Na san a gida da an ce bindiga sai gaban mutum ya faɗi saboda halin da Arewa take ciki, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Nan Amurka lamarin daban ne, shago ne da lasisin gwamnatin tarayya kamar kowane shago, kuma ni abin da ya kai ni farautar barewa ce ba wani abu ba, naman ne nake so, wanda ya taɓa cin kilishin barewa ya san me nake faɗa.

Shagon kansa ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki ɗaya ne dogo, da kanta ta gilashi, bindigogin farauta jere a jikin bango, ƙamshin man bindiga da kofi da zarar ka buɗe ƙofa, sai wani ɗan lungu a baya inda ake gyara. Mai shagon Bature ne dattijo, zai haura saba'in, shi da matarsa da wani matashi mai taimaka musu, shikenan ma'aikatan. Ba zan faɗi sunansa ba don ban nemi izininsa ba.

Abin da ya fara sa na yarda da shi shi ne cinikin bindigata ta farko. Ni da na je, raina yana kan wata babba mai cin harsashin .300 Winchester Magnum, ita ce kuma mafi tsada cikin waɗanda nake dubawa. Dattijon nan ya tambaye ni me zan harba, a ina, daga wane nisa, na taɓa harbi ko ban taɓa ba. Da na gaya masa sai ya girgiza kai ya ce barewar Texas ba ta da girman da za ta buƙaci wannan, kuma bindigar tana dukan kafaɗa sosai, sabon hannu idan ya sha duka sau biyu sai ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, daga nan saiti ya lalace, sai ka raunata dabba ta gudu ta je ta mutu a daji a banza. Ya sauko min da Ruger American mai cin .308, wadda kuɗinta bai kai na waccan ba, ya sa na ɗora ta a kafaɗa, ya gyara min gwiwar hannu, ya ce in rufe ido in kwantar da kumatu a gindinta sannan in buɗe in gaya masa me nake gani. Da haka ya gane inda zai ɗaura madubin hangen nesa, ya ɗaura da hannunsa yana ɗaure kowane noti a hankali da wani ɗan sukudireba mai awo, ya yi mata saitin farko, kuma bai karɓi ko sisi a kan aikin ba. Wato mutum ya rage wa kansa ciniki don kar in sayi abin da ba zai amfane ni ba, wallahi wannan abin ya zauna min a rai.

Yanzu maganar lissafi, don a nan ne 'yan uwa suke ruɗewa. Kuɗin da ka gani a shafin intanet ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. A dokar Amurka ba a aiko maka bindiga gida kamar takalmi, dole sai an aika ta wurin dillali mai lasisi a jiharka, wanda ake ce wa FFL, ka je can ka cike fom 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, a bincika sunanka a NICS, tsarin duba tarihin mai saye na hukumar bincike ta FBI da aka fara tun 1998, sannan a miƙa maka. Shi kuma dillalin yana cajin kuɗin wannan hidima, yawanci tsakanin dala 20 zuwa 50 ya danganta da wuri. Ka ƙara kuɗin aikowa. Haraji ma yanzu ba guduwa, tun bayan hukuncin kotun ƙoli na 2018 kan shari'ar kamfanin Wayfair manyan masu sayarwa a intanet suna karɓar harajin jiha, na Houston kuwa kashi 8.25 ne. Tawa bindigar a shago ta ɗara ta intanet da wajen dala 70, amma da na haɗa kuɗin aikowa da na dillali sai na ga ratar ta dawo ƙasa da dala 20, kuma ko aikin ɗaura madubi kaɗai ya cinye wannan.

Inda tsadar take ta gaske shi ne harsashi da ƙananan kaya. Kowane kwali akwai ƙarin 'yan daloli a kan na manyan kantuna irin su Academy ko Bass Pro Shops, kuma dalilin a bayyane yake, su tirela-tirela suke saro kaya shi kuwa katan kaɗan yake iya ɗauka, ga hayar shago ga inshora ga kuɗin da kamfanonin kati suke yanka a kowane ciniki, shi ya sa ma idan ka biya da tsabar kuɗi yakan ɗan rage maka. Wannan ƙarin ina sane nake biya. A 2020 lokacin korona harsashi ya yi ɓatan dabo a ƙasar nan gaba ɗaya, kantoci wayam, wasu suna saye suna ɓoyewa suna ninka kuɗi, shi kuma dattijon nan ya kafa doka kwali biyu ga mutum ɗaya, ya riƙa ajiye wa kwastomominsa na kullum nasu a ƙarƙashin kanta, matarsa ta bugo min waya ta ce .308 ya iso in zo in karɓa kafin Asabar. Irin mai shagon unguwa ne a gida da zai ɓoye maka mudun sukari ana gobe azumi don ya san kai nasa ne. Wanda yake zuwa ya sha tambayoyi kyauta ya koma ya yi oda a waya, ranar ba a kira shi ba, kuma ni ban ga laifin mai shago ba.

Wannan ɗabi'ar ita ce ke ɓata min rai gaskiya, har cikin 'yan uwanmu. Mutum ya zo ya tsaya awa guda, a sauko masa da wannan a sauko da waccan, ya taɓa ya gwada ya ɗau hoto, sannan ya fita ya saya a intanet don dala goma sha biyar, har ma ya sa a aiko ta shagon da ya gama ɓata wa lokaci. Doka ba ta hana ba amma ba mutunci a ciki. Ilimin da dattijon nan ya tara shekara da shekaru shi ma haja ce, kuma ribar da ke kan sabuwar bindiga ba ta da yawa, da harsashi da gyara da ƙananan kaya shagon ke rayuwa.

Akwai kuma abin da na gani da idona wanda ya fi min duk lissafin kuɗi. Wata rana ina tsaye ina jiran ya gama da wasu, wata yarinya matashiya ta shigo da wani saurayi, shi ne ke nuna ƙaramar bindigar da yake so, shi ke tambayar kuɗi, shi ya zaro kuɗin daga aljihunsa ya miƙa mata, amma da aka zo cike fom sai ya ja da baya ya ce ita za ta cike. Dattijon nan bai ɗaga murya ba, ya janye takardar daga gabanta ya mayar da bindigar cikin gilashi ya kulle, ya ce mata 'yata ba zan sayar miki ba, kuma in kin sa hannu a takardar nan kina cewa taki ce alhali tasa ce, ke ma za a ɗaure ba shi kaɗai ba. Saurayin ya yi ta zage-zage ya fita, ita kuwa ta tsaya jiki a sanyaye. Kuma gaskiya ya gaya mata, dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2022 ta sa saya wa wanda doka ta haramta masa riƙe bindiga laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 15. Ba ina cewa ƙaramin shago garanti ba ne, yaron da ya kashe yara 19 da malamai biyu a wata makaranta a garin Uvalde nan Texas a watan Mayun 2022 a shagon garinsu ya karɓi bindigoginsa kuma bisa doka, Allah ya kiyaye. Amma dai in har za a sayar da irin wannan kaya, ni na fi son ya kasance ta hannun mutumin da zai kalli idonka, yana da ikon cewa a'a ba sai ya nemi izinin manaja ba, kuma ya san in abu ya ɓaci sunansa ne da lasisinsa.

Haka ya tsare ni da maganar ajiya da ya ji ina da yara a gida. Bai bar ni na fita ba sai da ya nuna min akwatin ƙarfe mai makulli, ya ce harsashi daban bindiga daban, ya kuma gaya min a Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Akwatin da kwaɗon bindiga ma jihar ta cire musu harajin saye tun 2021, don haka ba wanda ke da uzuri.

Sai maganar addini, wadda na ɗauka za ta zama matsala amma ba ta zama ba. Yawancin masu gyaran naman barewa a nan suna haɗa shi da kitsen alade in za su yi tsiren nan nasu na cikin hanji, kuma injin niƙa ɗaya ne. Da na yi masa bayani cewa ni Musulmi ne, ina bisimilla in zan harba, in na tarar da ita da rai in yanka, kuma alade ko kusa, sai ya ɗauki waya a gabana ya kira wani mai ƙaramar mahauta da ya sani, suka shirya cewa nawa za a fara yi da safe bayan an wanke inji, a yanka min gunduwa-gunduwa kawai ba haɗi. Shi ma wancan ya fi wasu tsada kaɗan, shi ma ina biya da daɗin rai. Kuma tun daga nan bai ƙara yi min tayin farautar aladen daji ba, duk da nan Texas sun yi yawa har manoma roƙo suke a zo a kashe musu.

Aibunsa kuwa akwai, kar wani ya je ya ce ban faɗa ba. Kaya ba su da yawa, abin da babu sai ya yi maka oda ka jira mako ko fiye. Yana rufewa da wuri, Lahadi da Litinin ba ya buɗewa, ga mai aikin asibiti ko direba wannan takura ce babba. Kullum akwai wasu tsofaffi biyu-uku da suka mai da wurin majalisa, kana sauri su ba sa sauri, kuma hirar siyasarsu da takardun da aka liƙa a jikin ƙofa ba lallai su yi wa baƙo daɗi ba, ranar farko da na shiga da hula sai da aka ɗan yi tsit. Shi dai mai shagon bai taɓa nuna min bambanci ba ko sau ɗaya, amma ba zan yi wa kowa alkawarin cewa duk wanda ya tarar a ciki haka yake ba. Kayan sawa, takalma da riga ruwan lemo mai haske da ake wajabtawa a dajin gwamnati, waɗannan kam a babban kanti nake saye, nasa sun yi tsada da yawa kuma ba zaɓi, shi da kansa ya san haka.

Ga wanda yake nan Texas yake son farawa, ka fara duba takardunka. Mai katin zama na dindindin zai iya saye kamar ɗan ƙasa, amma mai bizar karatu ko ta ziyara dokarsa daban ce kuma mai tsauri, kar ka taɓa komai sai ka tambayi lauya. In an haife ka daga 2 ga Satumban 1971 zuwa sama dole ka yi kwas ɗin koyon farauta, lasisin mazaunin jiha dala 25 ne, izinin shiga filayen gwamnati kamar dajin Sam Houston kuma dala 48 a shekara, kuma za ka buƙace shi don sama da kashi 90 na ƙasar Texas mallakar mutane ce ba a shiga sai da yardar mai ita. Wajen cike fom, shawarar dattijon ita ce ka rubuta lambar Social Security ɗinka, wato lambar shaida da gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji, duk da ba dole ba ne, saboda irin sunayenmu Muhammad da Abdullahi da Ibrahim suna da yawa, lambar ce ke raba ka da wani. Kakar barewa tana buɗewa farkon Nuwamba, daga tsakiyar Oktoba layin gyara a shagon yakan cika maƙil, don haka mai son a duba masa bindiga ko a ɗaura masa madubi ya kai tun Satumba.