Sharhi kan garejin da ya auna injin a-kori-kurata kafin ya kwance shi

Wannan sharhi ne a kan binciken zafin inji da aka yi wa motata a wani gareji da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ya sa na ga aikin ya cancanci a rubuta shi ne cewa babban makaniken wurin bai bari an ɗora sifana a kan ko noti ɗaya na top, wato murfin da ke rufe saman silindojin inji, ba sai da awo ya nuna masa inda ciwon yake. Motar a-kori-kura ce ƙirar Peugeot 504 mai injin fetur na lita biyu, irin waɗanda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, kuma da ita nake jigilar buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Ta bi hannaye da dama kafin ta iso gare ni, kowa ya yi mata gyara daidai da fahimtarsa. A bazarar bana allurar zafi ta fara hawa da zarar an yi lodi, ruwan lagireto yana raguwa alhali ba a ganin ɗigo a ƙasa, da safe kuma injin yakan yi ɗingishi na ɗan lokaci kafin ya daidaita.

Sun ce in bar motar ta kwana a wurinsu, domin yawancin gwaje-gwajen sai inji ya huce sarai ake yin su. Da murfin lagireto suka fara, wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. An ɗaura shi a wani ɗan famfon hannu mai agogo, aka matsa, sai aka ga ba ya riƙe iska ko kaɗan saboda robarsa ta bushe ta tsattsage. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma idan murfi ya matse shi da ƙarfin da ya kai "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, sai ya kusa digiri 120 kafin ya tafasa, kuma wannan tazarar ce ke ceton inji a hawa da lodi a watan Afrilu. Daga nan aka ɗaura famfon a bakin lagireton kansa. Allurar agogon ta riƙa saukowa sannu a hankali, yaran garejin suka bi kowane tiyo da fitila, suka duba ƙarƙashin famfon ruwa, ba su ga jiƙa ba. Ke nan cikin injin ruwan yake shigewa.

Da aka cire filogi huɗun aka jera su a kan tsumma, uku suna da launin ƙasa-ƙasa na ƙuna ta yau da kullum, na silinda ta uku kuwa fari fat, domin tururin ruwan da ke shiga ɗakin ƙuna ya wanke shi. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na wani bututun gilashi mai ƙwallon roba a kansa, wanda ake zuba wa shuɗin ruwa. An rage ruwan lagireto kaɗan don kada ya tsotso shi, aka tayar da inji ya ɗumama, makaniken ya kafa bututun a bakin lagireto yana matsa ƙwallon, iskar da ke saman ruwan tana bi ta cikin shuɗin ruwan tana kumfa. Ina tsaye ina kallo launin ya juya kore, daga bisani ya koma rawaya. Hayaƙin ƙuna ne kawai zai kawo wannan sauyi, kuma ba shi da hanyar shiga ruwan sanyaya inji sai ta gasket (shimfiɗar da ke toshe tsakanin top da gangar injin) da ya ƙone, ko top ko silinda da suka tsage. Awon matsin silinda ya ƙara tabbatar da haka, ta uku ta gaza 'yan'uwanta. Baƙin mai kuwa yana nan da launinsa, bai koma fari-fari ba, abin da ya nuna ruwa bai sauka cikin tukunyar mai ba tukuna.

A nan ne garejin ya bambanta da waɗanda na saba gani. Na yi zaton daga nan sai kwance top, amma makaniken ya ce da ni: "Alhaji, gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Idan muka sa sabo ba mu gano abin da ya dafa tsohon ba, kafin damina ta faɗi za ka dawo mana da ita." Ya kashe injin, ya bi fuskar lagireton da tafin hannu, gefuna da zafi, tsakiya kuma da sanyi, alamar cewa bututan tsakiya sun toshe da tsatsa da ƙasar ruwan rijiya. Da aka buɗe gidan tamostat, wato abin da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, wayam aka same shi, wani ya cire tun da daɗewa. Cire tamostat al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu da hujjar cewa ƙasarmu ta zafi ce, kuma ina tare da makaniken da ya ƙi wannan hujja. Inji marar tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba a lokacin hunturu, yana shan mai fiye da kima, ringi na ci da wuri, sannan cirewar ba ta buɗe lagireton da ya toshe, ɓoye matsalar kawai take yi zuwa wani lokaci.

Wajen sauke top ɗin ma na ga sanin aiki. Silindojin wannan inji silif ne, wato bututan ƙarfe da ake zurawa a cikin buloki (gangar injin), ruwa yana kewaye su kai tsaye, saboda haka wanda ya fizgi top ɗin sama da ƙarfi yana iya ɗago silif tare da shi ya ɓata abin da ke tare ruwa a gindinsa, a wayi gari ruwa ya haɗu da mai. Sun girgiza shi gefe har ya saki, suka danne silif ɗin da ƙarafa, suka kuma hana kowa juya injin. Gasket ɗin ya ci a tsakanin silinda ta uku da ramin ruwa, wurin ya yi baƙi. Da aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar top ɗin, wanda na alminiyum ne, siririn ma'auni ya shige ta ƙarƙashinsa a tsakiya, wato ya ɗan lanƙwashe. An kankare fuskar daidai gwargwado, aka wanke lagireto bututu bayan bututu, aka mayar da tamostat da sabon murfi, aka ɗaure notuna da sifana mai ma'auni daga tsakiya zuwa gefe, kuma aka zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa a maimakon ruwan famfo zalla.

Akwai inda aikin ya gaza. Garejin ba shi da na'urar gwada top da matsin ruwa don gano tsagewar da ido ba ya gani, shuɗin ruwan nan kuma ba ya bambanta ƙonewar gasket da tsagewar top, don haka sai da aka kai shi wani wuri, motar ta ƙara zama ba aiki a daidai lokacin da kasuwa ke ci. Ba su kuma ba ni sakamakon awon a rubuce ba, alhali zai yi amfani ga duk makaniken da zai taɓa injin nan gaba. Kuɗin bincike daban suke karɓa ba a cikin kuɗin gyara ba, wanda wasu direbobi ke ƙorafi a kansa, ko da yake bai kai kuɗin gasket mai kyau guda ɗaya ba. Sun buƙaci in dawo da motar bayan kimanin kilomita 1,000 domin a sake ɗaure notunan top a gyara bawul, na kuma kai ta. Tun daga lokacin allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba ko da cikakken lodi a hanyar Bichi, kuma ban ƙara ruwa a lagireto ba.