Gargaɗi: "Leica" mai ruwan zinare da ake tallatawa a intanet, kyamarar Zorki ta Rasha ce aka sauya wa suna

'Yan'uwa masu sha'awar hoton fim, don Allah ku karanta wannan kafin wani ya tura kuɗinsa inda na tura nawa.

Na jima ina son mallakar kyamara mai ma'aunin nisa, irin wadda in ka leƙa tagarta za ka ga hoto biyu a tsakiya, kana murɗa gilashin gaba har su haɗe, ka san saiti ya yi. Sabuwa dai ta fi ƙarfina. Kamfanin Leica na Jamus ya dawo da kyamararsa M6 a 2022, amma kuɗinta ya haura dala 5,000, kuma jikin ne kawai, ban da gilashi. Duk mai irin aljihuna tsohuwa zai nema, 'yan damfara kuwa sun san haka.

A wani shafin sayar da kaya na ga wata tsohuwar kyamara. Sheƙi take kamar sarƙar amarya, an zana "Leica D.R.P. Ernst Leitz Wetzlar" a samanta, ga mikiya da tambarin 'yan Nazi, ga kalmar "Luftwaffe", wato rundunar sojin sama ta Jamus. Mai kayan ya ce kakansa ne ya dawo da ita daga yaƙin duniya na biyu, rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta sa zai rabu da ita. Muka daidaita a dala 600. Sai ya ce shafin yana yanke masa kaso mai yawa, in tura masa kai tsaye ya rage min 50. Na tura. A nan ya gama da ni, domin kuɗin da bai bi ta shafin ba babu wanda zai ƙwato maka shi.

Bayan mako 5 kaya suka iso. Maɓallin ɗauka yana ɗan cijewa, sai na kai wa wani dattijo da ya tsufa a gyaran kyamarori. Ko rubutun bai kalla ba. Ya kwance gilashin, ya karkata jikin wajen hasken ƙofa, ya sa ɗan yatsa a bakin ramin daga sama, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, nawa ka biya?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce, "Sun yi maka sakiyar da ba ruwa. Wannan ta Rasha ce."

"Baba, ga sunan nan a jiki fa."

"Suna ai ko maƙeri zai zana maka. Matso ka gani."

Abin da ya nuna min shi ne ɗan ƙarfen da ke taɓa bayan gilashi yana auna nisa. A Leica ta gaskiya 'yar ƙaramar taya ce zagayayya. A tawa kuwa wani ƙarfe ne mai tsini, ba taya ba. Ya nuna min maɓallin ɗauka: akwai rami mai zare a tsakiyarsa, na ɗaura wayar latsawa, alhali tsofaffin Leica na wancan zamani ba su da wannan ramin. Gilashin da aka rubuta wa "Elmar", sunan gilashin Leica, shi ma Industar ne na Tarayyar Sobiyet aka goge sunansa. Zinaren kuma? Ya karce cikin murfin ƙasa da farce. Tagulla ce aka kankare mata farin rufinta aka goge.

Dalilin da ya sa wannan zamba take ci shi ne kamar ta yi yawa tun asali. Leica II ta fito a 1932. A 1934 masana'antar FED da ke Kharkiv, a Yukren, ta fara ƙera kwafinta, daga baya masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko ta biyo da Zorki a 1948. An ƙera su da ɗimbin yawa, bakin ɗaura gilashinsu ma girmansa ɗaya da na Leica. Su masana'antun ba su yaudari kowa ba, sunansu suka sa a kayansu. Wasu ne daga baya suke sayen tsofaffin da araha, su share suna, su zana na Jamus, su ƙara "Berlin 1936" ko tambarin Hitler don farashi ya tashi. Abin yana ɓata min rai matuƙa, a ce alamar mutanen da suka hallaka miliyoyin rayuka ta zama adon talla. Gaskiya ne sojin Jamus sun yi amfani da Leica, amma nasu fararen ƙarfe ne ko masu fenti ruwan toka. Masu zinare na ainihi, waɗanda ake kira Luxus, ƙalilan aka yi, a manyan gidajen gwanjo ake ganinsu, ba a hannun mai neman dala 600 cikin gaggawa ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, Zorki ba kyamarar banza ba ce. In an gyara ta tana ba da hoto mai kyau, kuma galibi ba ta kai dala 100 ba. Abin da ya fi ƙona min rai, da kuɗin da na bayar zan iya samun tsohuwar Leica IIIc ta gaske, mara ado, a wurin dillali mai shago da adireshi. Wanda ma burinsa ɗaukar hoto ne kawai, Canonet QL17 ko Yashica Electro 35 sun ishe shi.

Kafin ka biya, ka ce a kwance gilashin a ɗauko maka hoton cikin ramin, da na maɓallin ɗauka daga sama. Ka karɓi lambar da ke jiki ka duba ta a jerin lambobin Leica da ke intanet, ka ga ko shekara da samfurin sun dace da abin da ke gabanka. In ya fara hanya-hanya, ko ya kawo labarin kaka da asibiti, ko ya ce a biya ta bayan fage, ka janye.

Na rubuta masa sau 4, ya toshe ni. Makon jiya na sake ganin hotunan nan dai, a kan jan ƙyallen nan dai, da sabon suna. Wannan karon wai kawunsa ne ya bar masa gado, kuma farashin ya koma dala 750.